Jinjina Ga Dada Hure, Uwar Zaman Asabar

Duk ranar aiki, kafin ƙarfe bakwai na safe, za ka tarar da Malama Hure a tashar Gaya tana jiran motar Ajingi ta cika. Direbobin sun san ta, sun kuma san jakarta, wata tsohuwar baƙar jaka da kullum take cike da takardu: jaridun da ta roƙo a ofisoshi bayan an gama karantawa, tambayoyin jarrabawar shekarun baya, wani lokaci da littafi guda da ta tarar an yasar. Ba ta yarda a saka mata jakar a but, a cinyarta take ɗora ta har a isa. Idan ta sauka sai ta taka zuwa sakandaren 'yan mata, ta buɗe laburare, ta share da kanta, ta jera kujeru. Daga nan ta nufi allon sanarwa da ke bakin ƙofa. Duk wata gasa, ko tallafin karatu, ko ranar rufe rajistar jarrabawa da ta ji labari, sai ta rubuta da manyan baƙaƙe ta liƙa, ta ja layi a ƙarƙashin ranar ƙarshe.

Haka ta yi shekara talatin da biyar, farko a wata makaranta a Gaya, sauran shekara ashirin da biyu a wurinmu. A ƙarshen wannan zangon za ta ajiye aiki. A takarda ba malama ba ce, mai kula da laburare ce, kuma laburaren ma ɗaki ɗaya ne mai taga biyu da kanta huɗu. Ba a taɓa kiran sunanta a taron ba da kyauta ba. Ni Halima Sadiya, na yi shekara goma sha ɗaya ina mataimakiyar shugabar makarantar, na ga aikinta da idona, kuma akwai abin da na yi mata wanda ban taɓa faɗa a gaban jama'a ba. Shi ya sa na ga ni ya fi kamata in rubuta wannan.

Abin da aka fi saninta da shi shi ne zaman Asabar. Ya samo asali ne a wata shekara da muka kwashe zango biyu babu malamin fiziks, ga 'yan aji shida jarrabawar fita ta matso. Wasu daga cikinsu suka riƙa zuwa laburare suna buɗe littafi suna rufewa, har wata ta fashe da kuka. Malama Hure ta faɗa musu gaskiya, ita ba ta san fiziks ba. Amma ta daɗe tana lura da wadda take daɗewa a kan kowane littafi, don haka ta san wadda ta gane babin wuta, da wadda ta gane na zafi da sanyi. Sai ta ce kowacce ta koya wa saura abin da ta iya. Ranar Asabar ta farko su tara suka zo.

Samun izinin iyaye shi ne babban aiki. Asabar ranar wanki ce da surfe da Islamiyya, kuma ba kowane uba zai bar 'yarsa ta fita ranar da babu makaranta ba. Ta hau acaɓa ta je Gafasa, ta je Toranke, ta shiga gida gida, ta yi alkawari ɗaya: ƙarfe goma sha biyu za a tashi, kowace yarinya a gida za ta yi sallar azahar. Ban taɓa jin ta saɓa wannan ba, ko da ana tsakiyar lissafi ne.

Ita ma ta yi kuskure. A kakar farko, lokacin cirar gyaɗa, zaman ya koma mutum huɗu. Ranar Litinin ta tara su ta yi musu faɗa sosai, ta ce ba sa son kansu da arziki. Wata yarinya ta miƙo mata tafin hannunta kawai, duk ya farfashe. Malama Hure ta ba su haƙuri a take. Tun daga lokacin, idan kaka ta yi, zaman yakan tafi hutun mako huɗu, a rama da yammacin Alhamis bayan an gama roro.

Dokokin zaman kaɗan ne. Na 'yan aji biyar da aji shida ne kawai. Duk wadda ta zo, wata rana sai ta tsaya a gaban allo, komai kunyarta. Kowane wata 'yan matan ne suke zaɓar shugabar zama da sakatariya da mai kula da lokaci, kuma babu mai yin shugabanci sau biyu a jere. Bayan darasi akwai muhawara, a fara da Hausa har magana ta zauna, sannan a sake da Turanci. Malama Hure kuwa tana can kujerar baya tana ɗinkin hula. Ko gardama ta kaure ba ta sa baki. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce idan ta raba musu yau, gobe ma ita za su waiwayo, alhali ba za ta bi su jami'a ko gidajensu ba. 'Yan matan Fulani na wajen Gafasa ne suka fara ce mata Dada, wato uwa, sunan ya bi ta har malamai suka ɗauka.

Da jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta, yawancin yaranmu ba su taɓa taɓa kibod ba. Dada ta samo kwalayen taliya, ta yanka, ta zana maɓallai a kai harafi bayan harafi, kowace yarinya da nata. Mun yi mata dariya a ofis, har da ni. Bayan wata guda ta shawo kan wani mai shagon kwamfuta a Gaya ya ba su safiyar Lahadi biyu, ta kwashe su rukuni rukuni. Mai shagon da kansa ya gaya mini bai taɓa ganin waɗanda suka zauna gaban kwamfuta karon farko suka kama aiki kai tsaye ba sai su.

Yanzu sai in zo kan abin da ya haɗa ni da ita.

Shekara takwas da suka wuce wata ƙungiya a Kano ta aiko mana da wasiƙa. Za ta tara 'yan matan aji biyar daga makarantun karkara na mako biyu a dogon hutu, a koya musu kimiyya a ɗakin gwaji na gaske, da iya magana a gaban jama'a, da shugabanci. Waɗanda suka yi fice za a ci gaba da tallafa musu har jami'a. An ba mu gurbi biyu, kuma wasiƙar ta ce a yi gwaji a ɗauki waɗanda suka fi.

Ni da shugabar makaranta ta lokacin ba mu yi niyyar yin gwaji ba. Mun riga mun rubuta suna biyu. Ɗaya 'yar wata ƙawata ce. Ɗayar kuma Afra'u ce, 'yar Alhaji Maikuɗi, ɗan kasuwar hatsi kuma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, wanda shi ya sake mana rufin ajujuwa uku da iska ta kwashe. Na gaya wa kaina Afra'u tana da ƙoƙari, kuma gaskiya ne, don haka babu wanda aka zalunta. Abin da na manta shi ne kwafin wasiƙar ya bi ta laburare kamar kowace sanarwa. Kafin in ankara Dada ta liƙa shi a allo, 'yan mata arba'in da shida sun rubuta sunayensu.

Na aika aka kira ta, na ce ta je ta cire takardar don an riga an gama magana. Ta tsaya a gaban teburina, hannunta a cikin hijabi, ba ta ɗaga murya ba.

"Ranki ya daɗe, takardar zan iya cirewa," in ji ta. "Amma shekara nawa ina gaya musu duk wadda ta yi ƙoƙari za ta gani. In ba za a gwada su ba, ki zo ki faɗa musu da bakinki. Ni ba zan iya ba."

Ban iya zuwa ba. Na yi ta tunanin yadda zan tsaya gaban yara arba'in da shida in tsara maganar, na kasa. Muka yi gwajin, malamai uku suka duba takardun ba tare da ganin suna ba. Surayya, 'yar wani makiyayi daga Gafasa, ta zo ta ɗaya. Zaituna daga Toranke ta zo ta biyu. Afra'u ta zo ta uku, maki biyu ne tsakaninta da Zaituna. 'Yar ƙawata ko cikin goman farko ba ta shiga ba.

Cin gwajin bai raba gardama ba, domin mahaifin Surayya, Malam Kabo, ya ce babu inda za ta je. Yarinyar ba ta taɓa wuce Wudil ba, kuma shi bai san mutanen da za su riƙe ta ba. Dada ta je Gafasa har sau biyu. A zuwa na biyu ta same shi ya dawo daga kiwo, ta zauna a kan tabarma daga nesa, ta bar shi ya faɗi duk abin da ke ransa ba ta katse shi ba. Ba ta ce masa tsoronsa ba shi da tushe ba, don tana ganin yana da shi. Surayya ce ta ba ni labarin yadda suka ƙare. Ya tambayi Dada, in wani abu ya samu yarinyar a birni, wa zai kama?

"Ni za ka kama, Malam," ta ce. "Ni zan kai ta, a can zan zauna, ni zan dawo maka da ita. Ga sunan unguwarmu a Gaya, ga sunan maigidana."

Daga ƙarshe ya ce Allah ya kiyaye hanya. Dada ta kwashe mako biyun hutunta a gidan wata 'yar uwarta a Kano, kullum da safe tana zuwa ta leƙa yaran. Ranar da aka tashi, sai da ta kai Zaituna Toranke, ta kai Surayya har ƙofar gidansu, sannan ta wuce Gaya.

Alhaji Maikuɗi kuwa bai ji daɗi ba, don an riga an yi masa albishir. Ya zo ofis ya ce an kunyata shi a gari, kuma yana son sanin yadda mai share littattafai ta fi shugabar makaranta iko. Da aka dawo hutu, aka ba Dada takarda cewa an mayar da ita sito, wurin ajiyar alli da tsintsiya da karyayyun kujeru, an kuma dakatar da duk wani taro a makaranta ranar Asabar. Shugaba ce ta sa hannu, amma ni na rubuta takardar. Na kawo dalilin tsaro da na tsari, kalmomi masu kyau. Dada ta karanta, ta ajiye makullin laburare a kan teburina, ta ce Allah ya ba mu alheri, ta fita.

Na ɗauka zaman ya mutu ke nan. Sai bayan mako uku na ji labarin ashe bai fasa ko Asabar ɗaya ba. Surayya, wadda a aji huɗu ko sunanta aka tambaya sai ta sunkuyar da kai, ita ta tara 'yan uwanta ɗalibai, suka zaɓi mutum uku suka je wurin malamin wata Islamiyya da ke kusa da kasuwa, suka roƙi aron aji ɗaya bayan an tashi karatun safe. Suka tsara jadawali, suka raba darussa, suka ci gaba da zaɓen kowane wata. Dada ba ta taka wurin ba, don ta ce an hana ta kuma ba za ta yi wa hukuma wayo ba. Ranar Litinin kawai sakatariya takan leƙa sito ta gaya mata abin da aka yi, ita kuma ta saurara tana ƙirga tsintsiya.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na Afra'u. Ita ce mai koyar da Turanci a jadawalin, kuma ba ta daina zuwa ba. Wata Asabar mahaifinta ya bi sawu don ya ga inda take tafiya. Malamin Islamiyyar ya ce Alhaji ya tsaya a jikin taga ya fi minti ashirin yana kallon 'yarsa tana gyara wa 'yan mata talatin yadda ake rubuta wasiƙar neman aiki, Surayya da Zaituna suna zaune a sahun gaba suna rubutawa. Bai shiga ba. Da Afra'u ta koma gida ya tambaye ta ko ba ta jin haushin waɗanda suka ƙwace mata gurbi. Ta ce masa ta ji, har ta yi kuka, amma ta ga takardar Zaituna kuma ta fi tata. Bayan kwana biyu aka kai benci shida Islamiyyar, ba a faɗi wanda ya aiko ba.

Alhaji bai taɓa ba Dada haƙuri ba, mu ma ba mu janye takardarmu ba. Wata bakwai ta yi a sito. Sai da aka kawo sabuwar shugaba, ta duba sakamakon jarrabawar gwaji ta 'yan aji shida, ta tambayi dalilin da ya sa 'yan wannan ajin suka fi na baya, sannan aka mayar da ita laburare.

Dada, ke ce kika zauna a cikin karyayyun kujeru wata bakwai ba ki kai ƙarar kowa ba, ba ki kuma ɓata sunanmu a wurin yara ba. Ke ce kika gaishe ni kowace safiya a cikin watannin nan kamar babu abin da ya faru, har na riƙa canza hanya don kada mu haɗu. Mu muna da digiri da ofis, muna koyar da darasin shugabanci daga littafi. Ke kika nuna wa yaran yadda ake yinsa, kika kuma koma gefe kika bar su suka gwada da hannunsu. Uwar 'yan aji shida, sannu da aiki.

Ba zan ce duk wadda ta bi ta hannunta ta je jami'a ba. Yawancinsu ba su je ba. Surayya ta karanta kemistiri a Wudil, yanzu tana koyarwa a wata sakandare a Gaya. Zaituna ma'aikaciyar lafiya ce. Afra'u tana ƙarasa karatun lauya. Amma akwai da yawa da karatunsu ya tsaya a aji shida, suna gidajensu a ƙauyuka. A cikinsu na san wadda take shugabantar matan da ke sarrafa gyaɗa a unguwarsu, da wadda ta buɗe ajin yaƙi da jahilci a tsakar gidanta, da wadda ta tsaya gaban dagaci da dattawa ta yi bayanin abin da ya sa famfon unguwarsu yake yawan lalacewa, har aka kafa kwamiti aka sa ta a ciki. Idan ka tambaye su inda suka koyi tsayawa su yi magana, amsarsu ɗaya ce. Dada ba ta bambanta su da masu digiri. Takan ce ita abin da take nema shi ne yarinya ta san tana da kai, kuma kan nan yana da amfani ga wasu.

A watan jiya na je gidanta a Gaya da la'asar. Na tarar tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Bayan mun gaisa na ce mata akwai maganar da ta daɗe a raina, ni ce na rubuta takardar da ta kai ta sito, kuma ina neman gafara. Ba ta daina ɓarar ba.

"Ai na sani tun ranar, Malama Halima. Na san Turancinki," ta ce. "Na yafe tun kafin in kai ƙofa, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni abin da ke damuna daban ne. In na tafi, wa zai zauna a kujerar baya ranar Asabar?"

Na ce ai yaran sun nuna za su iya su kaɗai. Ta ce sun iya, amma iyaye ba za su saki 'ya'yansu shekara da shekaru babu babba a wurin ba, kuma yaro yana son ya san akwai mai ganin ƙoƙarinsa. Na ce mata ni zan zauna. Ta dube ni, ta yi murmushi, ta ce aikin yana da sharaɗi ɗaya mai wuya ga irina: in iya yin shiru.

Na fara Asabar biyu da suka wuce, tana gefena tana nuna mini. Ta yi gaskiya. Sau uku na buɗe baki zan gyara wa shugabar zama, sau uku ta taɓa mini gwiwa.

Ga masu karatu, musamman mu da muka yi boko muka fito daga Gaya da Ajingi da ƙauyukansu, ina da roƙo. A kowace sakandare akwai 'yan aji biyar da aji shida, maza da mata, masu kai, waɗanda ba su taɓa jin labarin gasar da za su iya ci ba, ba a kuma taɓa ba su ragamar komai ba. Ba sai kana da muƙami ba. Idan ka ga sanarwar tallafin karatu, kai ta makarantar garinku. Idan ka iya lissafi ko kwamfuta, ba da safiya ɗaya a wata. Idan kuma gurbi ya biyo ta hannunka, ka bari a gwada yaran, ko da naka yana ciki. Wannan na ƙarshen na san nauyinsa, don na taɓa kasawa.

Dada Hure, a madadin malaman da suka yi aiki da ke, da iyayen da suka amince miki da 'ya'yansu, da 'yan matan da ba za su ƙirgu ba, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya da hutu mai albarka, ya jiƙan mahaifanki. Ki huta, Dada. Ranar Asabar mai zuwa ƙarfe tara za a fara, kuma wadda za ta tsaya a gaban allo wata yarinya ce daga Toranke da ba ta taɓa yin magana a aji ba.